An ce kwana 90 za ta yi, ta shekara 14: wa yake goge wa motar Mars fanel?

Auwalu Mai Sola:
Assalamu alaikum jama'a. Yau tun bayan asuba ina kan rufin wani gida a nan Kano ina wanke fanel. Jiya maigidan ya kira ni yana ta faɗa, wai batir ɗin da na saka masa wata huɗu da suka wuce na jabu ne, kafin ƙarfe goma na dare wuta ta ɗauke. Da na hau sai na tarar fanel ɗin duk sun koma launin ƙasa, har na sa yatsa na ja layi a kai kamar yadda yara ke yi a gilashin mota. Tun shigowar hunturu ba wanda ya taɓa su. Bokiti biyu na ruwa da tsumma, kafin hantsi caji ya dawo daidai.

Ina saukowa sai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ta dawo. Motar nan ta Amurkawa mai suna Opportunity da aka aika duniyar Mars, da sola take aiki, kuma an ce can ƙura ce zalla. An ce kwana 90 aka tsara za ta yi, amma ta shekara 14 tana yawo. To wa yake goge mata fanel? Mu nan wata biyu kawai in ba a hau ba, magana ta lalace. Masu ilimin abin don Allah ku fahimtar da ni.

Nura Ɗan Jami'a:
Wa alaikumus salam Yaya Auwalu. Ni fa a ganina kwana 90 ɗin nan dabara ce kawai. Ka faɗi kaɗan, in abu ya yi yawa a tafa maka, a ƙara maka kuɗi. Ta yaya za ka kashe ɗaruruwan miliyoyin dala a kan abu sannan ka ce ba ka san zai kai ko shekara ɗaya ba? Sun sani sarai.

Malam Habu:
Nura ɗana, a hankali. Bari mu fara sa abin a kan layi tukuna. Motocin biyu ne, tagwaye, Spirit da Opportunity. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba su a tsakiyar 2003, suka sauka a watan Janairun 2004, Spirit a kwarin Gusev, Opportunity kuma a wani shimfiɗaɗɗen fili da ake kira Meridiani, a ɗaya gefen duniyar. Kowacce nauyinta ya kai wajen kilo 185, tayoyi shida. Kwana 90 ɗin ma kwanan Mars ne, wanda ya fi namu da kusan minti 40.

Kuma adadin bai faɗo daga sama ba. A 1997 an aika wata 'yar ƙarama, Sojourner, wadda nauyinta kilo 11 ne ko ƙasa da haka kaɗan. A wannan tafiyar aka auna yadda ƙura ke zama a kan gilashin sola, aka ga kullum ana rasa kusan kashi 0.3 cikin ɗari na hasken. Auwalu, kai da kake wannan sana'a, lissafa ka gani. In kullum ana rage maka haka, ga sanyi na tafe, rana na yin nisa, bayan 'yan watanni me ya rage? Hasken rana a Mars dama bai kai rabin namu ba.

Sannan ka tuna halin da suke ciki a lokacin. A 1999 sun yi asarar kumbo biyu a Mars cikin 'yan watanni, ɗaya ma saboda ruɗanin ma'auni ne tsakanin rukunin ma'aikata biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Abin da ya sa aka ƙera biyu ke nan, ko ɗaya ta faɗi ɗaya ta kai.

Injiniya Hadiza:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya share mini hanya. Nura, akwai gaskiya kaɗan a maganarka amma ka ɗauke ta ta bai-bai. Kwana 90 kamar garanti ne. Wato mun yi alkawari ko da komai ya zo a mafi munin yanayi, ƙura ta fi yadda muka zata, sanyi ya fi yadda muka zata, za ta kai wannan lokacin. Don ka iya yin irin wannan alkawari a kan abin da ba za ka sake taɓa shi da hannu ba har abada, dole ka ƙera shi da ƙarfin da ya ninka buƙata. A cibiyar JPL da ke Kalifoniya, inda ake haɗa su, sassan da ke motsi akan gwada su ninki uku na aikin da ake sa ran za su yi. Don haka in ta kai wata shida ko shekara, ba wanda zai yi mamaki sosai. Amma shekara 14 da kilomita 45, alhali an tsara mata kamar kilomita 1, wannan ba wanda ya saka shi a lissafi.

Yaya Auwalu, amsar tambayarka ita ce iska. Ba wanda ya tsara haka. Tun cikin shekarar farko masu kula da Opportunity suka riƙa wayar gari su ga wutar ta ƙaru cikin dare ba tare da sun yi komai ba. A 2005 Spirit ma ta samu irin wannan, wuta ta yi tsalle a kwana ɗaya. Da suka juya kyamara kan fanel ɗin sai suka ga sun yi fes. Iska mai ƙarfi ce ke zuwa jefi-jefi ta share. Spirit har hoton guguwa ta ɗauko, irin mai juyawar nan da muke gani a fili lokacin bazara, tana ratsa kwarin Gusev.

Auwalu Mai Sola:
Ikon Allah. To Anti Hadiza, me ya hana su sa mata waifa irin ta gilashin mota, ko ɗan buroshi? Ni wannan ne abu na farko da zan yi tunani.

Injiniya Hadiza:
An yi tunanin. Amma duk abin da ka ƙara, nauyi ne, ga injin da zai juya shi, ga waya, ga wutar da zai ci, ga kuma sabon abin da zai iya lalacewa. Kowane kilo da ka ba waifa ka ƙwace shi ne daga na'urar bincike. Ƙurar kuma laushi gare ta kamar hoda, tana manne wa gilashi, babu ruwan da za ka fesa, in ka goge a bushe kana iya karce gilashin. Tunda aikin kwana 90 ne, sai suka ga ya fi sauƙi a faɗaɗa fanel ɗin yadda ko ƙura ta ci rabonta, abin da ya rage zai isa. A farkon zuwa suna samun wajen wat-awa 900 a rana.

Musa Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni abin da ya ɗaure mini kai, mu nan Maraɗi iska ita ke kawo ƙurar, ba ta taɓa share mana fanel ba ko sau ɗaya. Yaya aka yi tasu take shara tamu take zubarwa?

Auwalu Mai Sola:
Malam Musa, wannan ina jin zan iya cewa wani abu. Abin da ke kashe mu a nan danshi ne. In raɓa ta sauka ko aka yi ɗan yayyafi a kan ƙura, sai ta koma kamar an shafa kunun kanwa, ta bushe ta kama gilashi. Wannan ko wace iska ce ba ta ɗaga shi, sai ruwa da hannu. In can babu ruwan sama, ƙurar tana nan a sake ke nan.

Malam Habu:
Madalla Auwalu, hankali ya ɗauki wannan. Sai dai kada mu ɗauka kowa ya dace. Ƙasar Sin ta saukar da tata motar, Zhurong, a watan Mayun 2021, ita ma da sola. Ta yi aiki kusan shekara, ta yi tafiyar kilomita 2 ba kaɗan, aka kwantar da ita a Mayun 2022 don ta wuce sanyi, ba ta sake farkawa ba, kuma su da kansu sun ce ƙura ce mafi yiwuwar dalili. Haka InSight ta Amurka, wadda ba ta da taya, tana zaune wuri ɗaya tana auna girgizar ƙasa. Ta sauka a 2018, ƙura ta rufe ta sannu a hankali har ta yi shiru a Disambar 2022. Iskar shara ba ta zo mata yadda ake so ba.

Akwai wani abu da suka yi da InSight da har yanzu yake burge ni. A 2021 suka sa hannunta ya ɗebi yashi ya zuba kusa da fanel lokacin da iska ke kaɗawa, ƙwayoyin yashin suka gangara a kai suka kwashe ƙura, wuta ta ɗan ƙaru.

Zainab (Maman Ilham):
Malam, ai wannan wankin tukunya ne irin na kakanninmu, yashi ake sa wa a dirje baƙin. Ashe har can ya kai.

Baba Isa Makaniki:
'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Jikana ne ke karanta mini, ni kuma ina faɗa yana rubutawa. Kun yi ta maganar wuta. Ni shekarata arba'in da wani abu ina ƙarƙashin mota, kuma na san wuta ba ita kaɗai ke kwantar da mota ba. Shekara 14 a kan duwatsu ba gareji, ba giris, ba canjin taya? Ku faɗa mini gaskiya, ba abin da ya karye?

Injiniya Hadiza:
Baba, barka da shigowa. Wallahi abubuwa da yawa sun lalace, kuma a wurina nan ne labarin yake.

Tayoyin kowacce da injinta a cikinta, shida ɗin. Ba sifirin a jiki, wasu ƙarafa ne masu lilo aka haɗa yadda in taya ɗaya ta hau dutse sauran biyar suna nan a ƙasa. Gudunta kuwa bai wuce santimita 5 a daƙiƙa ba, kunkuru ma zai iya jerawa da ita. Wannan rashin saurin ma yana cikin abin da ya raya su.

A 2006 tayar gaba ta dama ta Spirit ta daina juyawa kwata-kwata. Sai suka juya motar, ta koma tafiya da ribas tana jan matacciyar tayar a baya kamar garma. A 2007 wannan tayar ta tone ƙasa, sai ga wata farar ƙasa ta fito. Da aka auna sai aka ga silika ce kusan tsantsa, irin wadda a duniyarmu ake samu a wuraren maɓuɓɓugar ruwan zafi ko tururin dutse mai aman wuta. Yana daga cikin manyan abubuwan da Spirit ta gano, kuma gurguwar taya ce ta tono shi.

Opportunity kuwa tun kwanakinta na farko aka gane hitar da ke kafaɗar hannunta ta maƙale a kunne, ba ta kashuwa, tana shanye batir cikin dare. Sai suka aika mata sabuwar manhaja da ke sa ta yin barci mai nauyi, a yanke wuta daga kusan komai har gari ya waye. Da wannan lahani ta yi shekarunta duka. A Afrilun 2005 ta nutse a tudun yashi har tayoyi suka kusa ɓacewa, sai da aka yi wajen mako biyar ana fitar da ita ɗan kaɗan-kaɗan. Kafin su ba ta umarni, sai su haɗa irin ƙasar a JPL, su nutsar da ta gwajin da suke da ita a ciki, su ga me zai yi aiki. A wannan shekarar sitiyarin tayar gaba ta dama ya maƙale. Daga baya ita ma mafi yawan tafiyarta da baya take yi don a sassauta wa tayar da ke jan wuta fiye da kima. Da ta tsufa sai ma'adanar bayananta ta fara mantuwa, har aka daina amfani da ita, duk abin da ta gani a yini dole ta aiko kafin ta yi barci, in ba haka ba ya tafi.

Baba Isa Makaniki:
Yauwa 'yata, yanzu kika zo inda nake. Wannan ai na san shi. Akwai wata tsohuwar babbar mota da na riƙe wa wani Alhaji shekara da shekaru, tana ɗaukar hatsi. Giya ta biyu ba ta shiga, in ta yi zafi sai an tsaya an buɗe mata baki. Direbanta ɗaya ne tun farko, ya san tarinta ya san nishinta, daga ta ɗaya yake tsallakawa zuwa ta uku, in ya hango hawa tun daga nesa yake ɗaukar gudu. Ba ta taɓa kwana a daji ba. Ranar da ya yi rashin lafiya aka ba wani yaro, a tafiya ta biyu ya kawo mini injin a buhu. Waɗannan mutanen naku direbobi ne na gaske, sai dai ba sa zaune a ciki.

Nura Ɗan Jami'a:
Baba Allah ya ƙara girma. Amma Anti, duk da haka in ba don iskar nan ba da tuni an manta da ita. Ke nan sa'a ce, ba gwaninta ba.

Injiniya Hadiza:
Iskar sa'a ce, ban musa ba. Amma sa'a ta tarar da mota mai rai ne. In da na'urorin ciki sun daskare a sanyin farko, iska ta share fanel ɗin gawa ke nan. Da dare sanyi a can yana kaiwa digiri 90 ƙasa da sifili, har ya wuce. Kwamfuta da batir suna cikin wani akwati ne da aka lulluɓe da abin hana zafi fita, ga 'yan ƙananan dunƙulen fulutoniyam, wani sinadarin nukiliya, guda takwas, kowanne yana ba da zafin wat 1 dare da rana. Kwamfutar kanta ba ta kai wayar da ke hannunka ƙarfi ba ko kusa, amma an yi ta ne ta jure haskoki masu illa da ke zubowa daga sararin samaniya.

Kuma ka duba yadda suke wuce hunturu. Duka biyun suna kudu da tsakiyar duniyar, don haka lokacin sanyi rana tana karkata arewa. Sai a nemo gangara mai fuskantar arewa a ajiye motar a kai, fanel su kalli rana. Yaya Auwalu ya san wannan, shi ma karkata fanel yake yi. Wannan ne ma ya kashe Spirit. A 2009 ta faɗa wata ƙasa mai taushi da ɓawo ya rufe, ga taya ɗaya matacciya, daga baya ta biyu ta bi. Aka yi watanni ana fama, ba ta fita ba, ba ta kuma samu karkatar da ake so ba kafin sanyi. Ranar 22 ga Maris 2010 aka ji ta na ƙarshe, bayan kilomita 7.7.

Ka ƙara da cewa ba sitiyari ake riƙewa ana kallo ba. Saƙo daga nan zuwa can yana ɗaukar daga 'yan mintuna zuwa sama da minti 20, ya danganta da inda duniyoyin biyu suke. Umarnin yini guda ake rubutawa a aika, a jira gobe a ga sakamako. Shekara 14 ana wannan, wasu sun shiga aikin suna ɗalibai sun fito da 'ya'ya.

Zainab (Maman Ilham):
Ni dai abin da na sani game da ita shi ne saƙon nan da aka yi ta yaɗawa, wai ta ce batirinta ya yi ƙasa kuma duhu yana shigowa. Wallahi sai da na yi hawaye. Da gaske ta faɗi haka?

Malam Habu:
Maman Ilham, ba da kalmomi ta faɗa ba. Wani ɗan jarida ne ya fassara lambobin da ta aiko zuwa maganar mutane, jama'a suka ɗauka. Amma lambobin ma sun isa su taɓa zuciya. A ƙarshen Mayun 2018 guguwar ƙura ta taso wadda daga baya ta lulluɓe duniyar gaba ɗaya. Opportunity tana wani wuri a gefen kwarin Endeavour. Cikin kwana goma wutar da take samu ta faɗo daga sama da wat-awa 600 a rana zuwa 22. Tsakar rana ta koma kamar dare. Ranar 10 ga Yuni ta aiko saƙon ƙarshe. An aika mata umarni sama da 1,000 cikin wata takwas, ana fatan iskar da ta saba zuwa za ta share ta. Ranar 13 ga Fabrairun 2019 aka sanar an haƙura. Ta taɓa tsallake irin wannan guguwa a 2007, amma ta 2018 ta fi duhu.

Injiniya Hadiza:
Kuma abin da ya fi ba ni tausayi, injiniyoyin suna zaton da wuta ta ƙare agogonta na ciki ya rikice, ba ta ƙara sanin lokacin yin barci mai nauyin nan ba, sai tsohuwar hitar kafaɗa ta ci gaba da shanye duk ɗan abin da ya shigo. Lahanin makon farko ke nan ya jira ta shekara 14.

Nura Ɗan Jami'a:
To ai ga shi nan. Sola ba ta dace da wurin ba tun farko. Curiosity, wata motar NASA da ba ta aiki da sola, tana can lokacin guguwar, ko gezau ba ta yi ba.

Auwalu Mai Sola:
Nura kar ka ci mutuncin sana'ata mana. Abin da ya yi shekara 14 ne kake cewa bai dace ba?

Injiniya Hadiza:
A nan kam ina bayan Nura, Yaya Auwalu ka yi haƙuri. Curiosity ta sauka a kwarin Gale a Agustan 2012, nauyinta kusan kilo 900, girman ƙaramar mota. Ba ta da fanel ko ɗaya. A bayanta akwai wani tulu mai ɗauke da wajen kilo 4.8 na sinadarin fulutoniyam, wanda shi da kansa yake fitar da zafi, wasu ƙarafa kuma suna mai da zafin wuta ba tare da wani abu na juyawa ba. Wutar ba ta da yawa, kamar wat 110 ne a farko.

Auwalu Mai Sola:
Wat 110? Anti, ko ayan ɗin guga ba zai tayar ba. Fanel ɗaya da nake sakawa ya fi wannan.

Injiniya Hadiza:
Haka ne, amma dare da rana ne, rani da sanyi, ƙura ko ba ƙura. Ninka shi sau 24 ka gani, ya haura wat-awa 2,500, kusan ninki uku na abin da Opportunity ta samu a ranar da ta fi kowacce. Yana cika batir, batir ya yi manyan ayyuka. Ragowar zafin kuma ana zagaya shi cikin bututu ya ɗumama cikin motar. Shi ya sa take iya ɗaukar ɗakin gwaji a cikinta, ta huda dutse, ta gasa garin ta shinshina. An ɗibar mata shekarar Mars ɗaya, kwana 687 namu, ga shi ta haura shekara goma da kilomita 30.

Malam Habu:
Hadiza, ban ƙi ba, amma ki faɗi kuɗin. Spirit da Opportunity su biyu, da ƙerawa da harbawa da aikin farko, wajen dala miliyan 820 ne. Curiosity ita kaɗai ta kai kusan dala biliyan 2.5. Fulutoniyam ɗin ma ba a kasuwa yake ba, Amurka ta daina yin sa a 1988, sai wajen 2015 aka sake farawa kaɗan-kaɗan. Ni ra'ayina, ƙanana da yawa masu araha a wurare daban-daban sun fi babba ɗaya. Duniya guda ce fa, faɗin ƙasarta ya kai duk busasshiyar ƙasar tamu. Ko za ki san Afirka in kin zagaya ƙauye ɗaya shekara goma?

Ki duba ɗan jirgin nan mai saukar ungulu, Ingenuity, da aka liƙa a ƙarƙashin Perseverance, wata babbar mota irin Curiosity. Kilo 1.8. Ƙwaƙwalwarsa irin ta wayar hannu ce, Snapdragon 801, ga ɗan fanel a kansa. An ce ya gwada tashi sau biyar. Daga Afrilun 2021 zuwa Janairun 2024 ya tashi sau 72, a iskar da ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na kaurin tamu ba. Kayan kasuwa ne ya yi wannan.

Injiniya Hadiza:
Allah ya gafarta Malam, Ingenuity ba ya iya magana da duniya sai ta bakin Perseverance, mai nukiliyar. Kuma an bar shi ya yi amfani da kayan kasuwa ne saboda in ya mutu ba a yi asarar babban aikin ba. Tambayoyin da ake yi yanzu, ko an taɓa yin rai a can, ba ƙaramar mota ce za ta amsa su ba. Opportunity ta nuna an taɓa samun ruwa a can. Don ka san me ke cikin ruwan, sai ka ɗauki kayan awo masu nauyi masu cin wuta.

Malam Habu:
Na ji, amma ban sauka ba. Ƙananan su nemo wurin, babbar ta bi. In aka zuba komai a kwando ɗaya kuma ya faɗi wajen sauka, an yi asarar shekara goma.

Musa Maraɗi:
Ni ina tare da Malam a nan. Ko a noma ba a shuka gona ɗaya.

Baba Isa Makaniki:
Ku bar gardamar wuta. 'Yata, ita babbar, mai kilo 900, yaya ƙafafunta? Nauyi shi ke cin taya.

Injiniya Hadiza:
Baba ka taɓa inda ke ciwo. A nan ne aka yi kuskure na gaske. Tayoyin na alminiyam ne, ba roba, tsawon kowacce rabin mita. Don a rage nauyi, fatar da ke tsakanin haƙoran tayar kaurinta milimita 0.75 ne, bai kai katin banki ba. A 2013, shekara ɗaya kacal da sauka, aka fara ganin huji da tsaga. Wurin da ta bi akwai duwatsu masu tsini da iska ta fiƙe, kuma a kafe suke a ƙasa, ba sa gocewa in an taka. Sannan aka gano in tayar gaba ta hau tsini, sauran tayoyin suna ci gaba da turo ta da gudu ɗaya, sai su danna ta a kan dutsen.

Sai aka koma zaɓen hanya daga hotunan kumbon da ke shawagi a sama, ana bin yashi-yashi, wani lokaci ana tafiya da baya. A 2017 aka aika manhaja da ke sa kowace taya ta daidaita gudunta da abin da take takawa. Har yanzu lokaci-lokaci tana miƙa hannu ta ɗauki hoton tayoyinta a ƙirga karaya. Diril ɗinta ma ya lalace a Disambar 2016, sai a Mayun 2018 suka koya mata huda dutse ta hanyar turawa da hannun gaba ɗaya, yadda kafinta ke danna nasa a bango.

Da aka zo yin Perseverance, wadda ta sauka a kwarin Jezero ranar 18 ga Fabrairun 2021, sai aka ƙara wa tayar kauri da ɗan tsawo, haƙora suka tashi daga 24 zuwa 48, aka kuma sauya fasalinsu daga zigzag zuwa ɗan lanƙwasa.

Nura Ɗan Jami'a:
To na yarda ba ƙarya suka yi a kan kwana 90 ba, tunda ga inda suka yi lissafi ya ƙi. Amma har yanzu ina ganin in abu ya ninka alkawarinsa sau hamsin, lissafin farkon ma akwai gyara. Da sun san za ta daɗe haka, ai da wasu na'urorin daban suka ɗora mata.

Malam Habu:
Wannan kam magana ce. Wasu na'urorin awon nata sun mutu tun tana da sauran tafiya. Ɗaya da ke gane ma'adinan ƙarfe tana aiki ne da wani sinadari da ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk wata tara, don haka bayan 'yan shekaru awon da ake yi cikin sa'o'i ya koma na makonni, aka daina.

Baba Isa Makaniki:
To ita Curiosity, wanne zai riga kwantar da ita, taya ko wuta?

Injiniya Hadiza:
Wutar tana raguwa a hankali kowace shekara. Fulutoniyam ɗin sai ya shekara kusan 88 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, amma ƙarafan da ke mai da zafin wuta sun fi shi saurin gajiya, batir ma yana tsufa. Don haka kullum lokacin aikinta na ɗan raguwa, na caji na ƙaruwa. Tayar kuwa sun riga sun yi mata tanadi. Sun gwada a filin gwajinsu yadda in wata taya ta ragargaje har tana barazanar yanke wayoyin da ke cikinta, za a sa motar ta maƙale ɓangaren da ya lalace a jikin dutse, ta murɗa har ya ɓalle, ta ci gaba da tafiya a kan gefen da ya rage.

Baba Isa Makaniki:
To a kula da wayoyin nan. In ƙarfe ya yage, bakinsa ya fi reza, kuma ciki yake lanƙwasawa. Na sha ganin ya yanke bututun birki.

Auwalu Mai Sola:
Na gode ƙwarai jama'a, Malam da Anti Hadiza Allah ya ƙara ilimi. Anti, in kin samu lokaci ki turo mana hoton tayar nan mai huji, Baba ya gani da idonsa. Ni gobe ina da gida uku a Hotoro, duk wanki ne.